Ashe Phil Collins mai ganga ne a Genesis? Daga wane faifai zan fara?

Sadiq_FarinGada:

Salamu alaikum jama'ar gidan nan, ya sanyin Jos. Dan Allah masu sanin tsofaffin kiɗan Turawa ku taimaka min. Ni dai abin da na sani game da Phil Collins tun ina yaro shi ne Another Day in Paradise da In the Air Tonight, irin waɗanda ake sakawa a rediyo da daddare ko a shagon aski. To jiya wani abokina da muke Unijos tare ya turo min wani tsohon bidiyo, wani saurayi yana bayan ganguna yana duka kamar zai fasa su, a gaba kuma wani ya sa kansa cikin wani ƙaton fure yana waƙa, ya ce min wai mai gangan nan Phil Collins ne, ƙungiyar kuma sunanta Genesis. Na shiga YouTube na nema sai kaina ya ɗaure, wata waƙar minti 23 wata kuma minti 4 ta rawa, kamar ba mutane ɗaya ba. Daga ina zan fara ji? Sannan abokin nawa ya dage wai Collins ne ya lalata ƙungiyar, haka ne?

Kawu Bala Terminus:

Wa alaikumus salam ɗana Sadiq. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, shi ne dai Phil Collins ɗin, na cikin furen kuma Peter Gabriel ne, mawaƙinsu na farko. Ni na sayar da kaset a Terminus kafin gobarar babbar kasuwa ta 2002, kuma ko a lokacin kaset ɗin Collins shi kaɗai ne yake tafiya, na tsohuwar Genesis sai ɗaiɗaikun mutane ke tambaya, yawanci malaman makaranta.

Asalinsu yaran makaranta ne, wata makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali da ake kira Charterhouse a kudancin Ingila, a nan Tony Banks da Peter Gabriel da Mike Rutherford da Anthony Phillips suka haɗu suka kafa ƙungiyar a 1967. Wani tsohon ɗalibin makarantar, Jonathan King, shi ya raɗa musu sunan, shi ya kuma fitar musu da faifan farko a 1969, From Genesis to Revelation, bai yi kasuwa ba sam, har wasu shagunan suka jera shi a layin waƙoƙin addini saboda sunan. Collins ba ya cikinsu a lokacin. A 1970 ya shigo, da suka yi cigiyar mai ganga, a gidan iyayen Gabriel aka yi gwajin, shi kuma ya zo da wuri sai aka ce ya je ya yi iyo a kwamin wankan gidan kafin layinsa ya zo, yana cikin ruwa yana jin abin da ake sa sauran su buga, ko da aka kira shi ya riga ya haddace. Steve Hackett mai jita ya biyo baya a farkon 1971, bayan Phillips ya tafi.

To waɗannan biyar ɗin, Gabriel, Banks, Rutherford, Collins, Hackett, su ne Genesis ɗin da ni na sani. Irin kiɗan da suke yi shi Turawa suke kira furogiresif rok, wato ba baiti da amshi minti uku a tashi ba, waƙa ɗaya sai ta sauya kiɗa sau biyar sau shida, ta yi sanyi da jita mai tsirkiya 12 da sarewa, can ta rikiɗe ta zama tsawa, labari kuma yana tafiya a ciki. Nursery Cryme a 1971, Foxtrot a 1972, Selling England by the Pound a 1973, sai The Lamb Lies Down on Broadway a 1974 mai faifai biyu. Mai minti 23 da ka gani Supper's Ready ce, tana cikin Foxtrot, ta cinye kusan gefe guda na faifan. Kada tsawon ya tsorata ka, mu da muka tashi da Bakandamiyar Shata doguwar waƙa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, zama kawai take so, ba a jin ta ana latsa waya.

Maganar shigar ban mamaki kuma, a 1972 a Dublin Gabriel ya fito da jar rigar matarsa da kan dila, bai ko gaya wa sauran ba, jaridun kiɗa suka buga hoton, daga nan abin ya ɗore. Amma shi ya fara jawo tsami a tsakaninsu, don kowa sai ya ɗauka Gabriel ne ƙungiyar alhali tare suke haɗa kiɗan. A The Lamb ya ce shi zai rubuta labarin, na wani yaro Rael a New York, kuma a daidai lokacin matarsa ta sha wahalar haihuwar 'yarsu ta fari, hankalinsa ya rabu biyu, ana gama yawon wasan a 1975 ya bar su. Ni a wurina tun daga nan armashi ya ragu, da Hackett ya tafi a 1977 kuma sai ya zama wani abu daban. Fara da Selling England, ɗana.

Yohanna_Kibod:

Kawu ina gaisuwa, tarihin da ka kawo ba abin cirewa, amma da girmanka ban yarda a ɗora wa Collins laifi ba, kuma Sadiq ka gaya wa abokinka ya sake bincike. Ni kibod nake bugawa a cocinmu a Tudun Wada, kuma duk wanda ya taɓa zama yana ƙoƙarin fitar da farkon waƙar Firth of Fifth ta cikin Selling England a piyano ya san cewa ƙashin bayan ƙungiyar nan Tony Banks ne, shi da Rutherford su ne kaɗai suke cikin kowane faifai tun na 1969 har na 1997. Mutum ne da ba ya tsalle ba ya surutu, yana zaune a gefe bayan kayan kiɗansa, shi ya sa ba a ganinsa.

Da Gabriel ya tafi Collins bai nemi ya zama mawaƙi ba fa, sun yi ta gwada mutane shi yana koya musu waƙoƙin, babu wanda ya dace, ƙarshe ya ce bari ya gwada waƙar Squonk da kansa, shikenan. Kuma faifai biyun da suka biyo, A Trick of the Tail da Wind & Wuthering, duk a 1976, cikakken furogiresif ne, ka saurari One for the Vine kusan minti 10 ka gaya min inda aka lalata. Waƙar da ta fara shigar da su rediyo sosai, Follow You Follow Me ta 1978, Rutherford ne ya rubuta kalmominta. Collins bai fara kawo waƙar da ya rubuta shi kaɗai ba sai wajen Duke a 1980, bayan aurensa na farko ya mutu. Daga faifan 1983 kuma sun daina zuwa da waƙa a rubuce, su uku, Banks da Rutherford da Collins, suke shiga situdiyonsu da suke kira The Farm su yi ta bugawa har abu ya fito, sunan su ukun ake sawa a kowace waƙa. To ta yaya mutum ɗaya zai ja Banks zuwa inda ba ya so? Wanda ya san halin Banks ya san ba zai yiwu ba.

Kuma wlh ko a gajerun waƙoƙin ba su bar wayonsu ba. Ɗauki Turn It On Again ta cikin Duke, kana ji za ka ce kiɗan rawa ne na yau da kullum, gwada tafa hannu kana ƙirga huɗu-huɗu ka ga inda za ka ɓace, ƙirgarta 13 ce. Rabin ƙarshe na The Cinema Show a kan 7 yake tafiya, akwai kuma wani sashe a Supper's Ready da ganga da jita suke kan 9 Banks yana yawo da ogan a samansu kamar bai san da su ba, sai can su haɗe. Na taɓa sa wa mai gangan cocinmu wannan sashen, mako guda yana fama da shi. A faifan Invisible Touch ma da ake cewa na kasuwa ne akwai Domino sama da minti 10, a We Can't Dance na 1991 akwai Driving the Last Spike kan leburorin da suka shimfiɗa layin dogo a Ingila da Fading Lights, dukkansu dogaye.

Ni shawarata ka fara da Duke, yana tsakiya, in ya yi maka sai ka koma baya.

Anti Binta Rayfield:

Sannunku. Ni dai ban san ƙirgar 13 ko 9 ba Malam Yohanna, amma ina cikin waɗanda suka san Genesis ta talabijin kuma ba na jin kunyar cewa zamanin Collins nake so. Bidiyon Land of Confusion na 1986 da aka yi da 'yar tsana, shugaban Amurka Reagan yana mafarki yana gumi, a ƙarshe ya miƙa hannu zai danna maɓallin kiran nas ya danna na nukiliya, lokacin muna yara dariya muke yi, sai da na girma na gane tsoron yaƙin da ake ciki ne suke faɗa. Sannan No Son of Mine, yaron da ya gudu daga gida saboda tashin hankali ya dawo bayan shekaru uban ya ce ba ɗansa ba ne, duk wadda ta ga irin wannan a dangi ba za ta ji ta ba tare da jikinta ya yi sanyi ba. In wannan ne lalatawa to ni ban gani ba.

Abin da nake so na ƙara wa Sadiq shi ne mutanen nan ba gaba suka yi ba kamar yadda masoyansu suke yi a intanet. Collins ne ya buga wa Gabriel ganga a waƙar Intruder da ta fito a 1980, a can ne ma aka samo wannan sautin gangan mai faɗowa kamar bindiga ya yanke nan take, wanda ka sani a In the Air Tonight ta 1981. A 1982 Gabriel ya shirya bikin WOMAD na farko don kawo makaɗan Afirka da Asiya Ingila, ya tafka asara bashi ya taru masa, tsofaffin abokan nasa suka ce zo mu yi wasa ɗaya tare, suka yi a Milton Keynes ranar 2 ga Oktoba cikin ruwan sama, da kuɗin aka fitar da shi. Kuma shi Gabriel ɗin ai namu ne ta wani gefen, shi ya yi waƙar Biko a 1980 kan Steve Biko da ya mutu a hannun 'yan sandan Afirka ta Kudu a 1977, shi ne kuma ya saka mawaƙi Youssou N'Dour na Senegal a waƙarsa In Your Eyes. A 1986 waƙar Genesis Invisible Touch ta hau lamba ɗaya a Amurka, wadda ta sauke ta kuwa Sledgehammer ce ta Gabriel.

Sadiq_FarinGada:

Kai na gode Kawu, na gode Yaya Yohanna da Anti, Allah ya ƙara girma. Na ji Firth of Fifth yanzun nan, wurin da jitar ta shigo tana kuka a tsakiya sai da na mayar baya. Amma yanzu an ba ni mafari biyu, Kawu ya ce Selling England Yaya ya ce Duke. Kuma suna nan har yanzu ko sun watse?

Kawu Bala Terminus:

Jitar nan ta Hackett ce ɗana, ka ga abin da nake nufi ke nan da na ce tafiyarsa ta rage abu. Yohanna ka yi gaskiya kan Banks, wannan ban musa ba, amma ni har gobe kunnena yana neman wannan jitar a faifan 1978 zuwa gaba ba ya samu.

Sun daina. Collins ya fita a 1996, Banks da Rutherford suka ɗauko wani matashi ɗan Sikotland, Ray Wilson, suka yi Calling All Stations a 1997, a Turai ya ɗan taɓa amma a Amurka bai karɓu ba har suka soke wasanninsu na can, shi ne faifansu na situdiyo na 15 kuma na ƙarshe. A 2007 su ukun suka dawo yawon wasa, suka rufe na Turai da wasan kyauta a Roma gaban mutane wajen 500,000. Bayan nan ciwon baya da na jijiya ya hana Collins riƙe sandar ganga yadda ya saba, shi ya sa a yawonsu na ƙarshe na 2021 zuwa 2022 a zaune kan kujera yake waƙa, ɗansa Nic ne yake bayan ganguna. Wasan ƙarshe a Landan aka yi shi ranar 26 ga Maris 2022, Gabriel yana cikin 'yan kallo.

Tunda mun raba maka hankali, nemi Seconds Out na 1977, na wasan fili ne, yawancinsa a Paris aka ɗauka. Collins ne yake rera tsofaffin waƙoƙin Gabriel har da Supper's Ready gaba ɗayanta, Hackett kuma yana nan bai tafi ba tukuna, sannan a Los Endos za ka ji ganguna biyu lokaci guda, Collins da Chester Thompson wanda ya buga da Frank Zappa da Weather Report. Ka sa abin kunne mai kyau, lasifikar waya ba za ta fitar maka da bas ɗin Rutherford ba.