Hayar Lightroom da Photoshop ta fara fin ƙarfina, ku ya kuke yi?

Mai Hoton Kawo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa abokan sana'a. Shawara nake nema.

Shekarata tara ina ɗaukar hoto, ɗan shago gare ni a Kawo, Kaduna, ba nisa da tasha. Fasfo da hoton 'yan makaranta su ke biyan kuɗin haya da fetur, biki kuwa shi ke kawo na cefane mai ɗan auki. Na daɗe ina biyan kamfanin Adobe wata-wata, tsarin nan na masu hoto da ya haɗa manhajojin gyaran hoto Lightroom da Photoshop, dala 9.99. Kafin a saki naira a Yunin 2023, ko da canjin bayan fage, wajen 750, abin bai wuce dubu bakwai da ɗari biyar ba. A lokacin katin naira ba ya biyan kuɗi waje, sai in ba wani abokina kuɗin ya biya da katinsa na dala. Ban taɓa jin nauyinsa ba.

Sai dala ta haura 1,500 a 2024. Daga Janairun 2025 kuma masu biyan wata-wata aka mai da nasu 14.99. Ku buga da kanku, a wancan canjin ya zarce dubu ashirin da biyu. Ban ce an cuce ni ba, kayansu ne, su ke sa farashi. Matsalata ita ce da naira ake biyana, kuma aikin nawa na da lokaci. Azumin da ya wuce, wata guda cur ban ɗauki biki ko ɗaya ba, laftof ɗin har ƙura ta yi a kan kanta, amma saƙon cire kuɗi bai yi lattin kwana ɗaya ba. Damina ma haka ake lallaɓawa. Sai bayan sallah da Disamba a ga haske.

To in daure in ci gaba ne, ko akwai abin da zan koma wa da ba zai zubar min da kwastoma ba? Hotuna sun fi dubu arba'in a katalog ɗina, wato kundin da Lightroom ke jera min su, su ne ke sa ni fargaba.

Baba na Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Yaro, mu da muka yi zamanin fim, hoto 36 ne a nadi ɗaya, ka sayi fim, ka biya wanki, ka biya takarda, in haske ya ƙone maka rabin nadin ka rungumi ƙaddara. Sana'ar nan ba a taɓa yin ta kyauta ba. Abin da ya canza shi ne da can sai ka yi aiki kake kashewa, yanzu ko kana barci mita na juyawa. Har Photoshop CS6, wanda ya fito 2012, saya ake yi a mallaka. A 2013 suka koma haya.

Abu biyu zan gaya maka. Tunda kai tsohon mai biya ne, leƙa asusunka ka ga biyan shekara a dunƙule, a 2025 dala 119.88 ne, bai tashi tare da na wata ba. Ka ware kuɗin daga bikin bayan sallah ka biya lokaci guda ka huta. Kuma kada zuciya ta ɗebe ka ka soke a tsakiyar shekara. Wancan na wata-watan yarjejeniyar shekara ce aka rarraba maka, in ka janye bayan kwana 14 na farko, rabin abin da ya saura za ka biya.

Batun katalog ka kwantar da hankalinka. Ko ka daina biya Lightroom Classic zai buɗe, ka ga hotunanka, ka fitar da su. Ɓangaren gyara ne ake kullewa.

Ɗan Rigasa:

Oga, kai ma dai. Wa ke biyan dala a garin nan? Ka kai laftof kasuwa a zuba maka kirak, manhajar da aka fasa ba a biya, dubu biyu an gama.

Maman Hanifa, Unguwar Rimi:

Ƙanena na Rigasa, Allah ya sa kada ka ga abin da na gani. Ni kamu da walima nake ɗauka, wuraren da ba a son namiji ya shiga. Shekaru uku da suka wuce wani yaro ya zuba min irin wannan kirak ɗin, ya ce in kashe antibayiros tukun kafin ya sauka. Na kashe. Ranar wata Lahadi na dawo daga kamu a Malali, na juye kati, na goge shi saboda walimar washegari. Da safe duk fayil ɗin da na taɓa ya ƙi buɗewa, sunayensu sun koma wasu haruffa barkatai, ga wata takarda da Turanci wai in biya kuɗi a sake min. Hoton amarya da kakarta, wadda aka ɗauko daga Zariya a kan keken guragu, yana ciki. Na mayar da kuɗinsu har gida, uwar amarya ta karɓa ba ta ce min uffan ba. Gara a ce zagina ta yi.

Malam na Kawo, ni biya nake yi, amma ba daga aljihuna ba. Kowane biki na ɗora dubu biyar a kai, na kira shi kuɗin gyara. Amaren da ke cewa "Anti a haska ni, a share ƙurajen nan" ba su taɓa yin gardama a kansa ba. Biki biyar a wata ya biya. Watan da babu aiki, Disamba ta riga ta rufe shi.

Injiniya Barnawa:

Yaya, wace kyamara ce a hannunka? In Canon ce, Digital Photo Professional kyauta ne daga kamfanin, Nikon kuma NX Studio. Suna buɗe RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto daga kyamara, kuma kalar fata tana fitowa yadda ka gan ta a bayan kyamara. Nauyi ne dai da su in hotuna sun yi yawa. A madadin Photoshop akwai Affinity, kamfanin Canva ya saye shi a 2024, daga ƙarshen Oktoban 2025 kuma ya zama kyauta, rajista kawai za ka yi. Yana buɗe PSD, wato fayil ɗin Photoshop. Sai darktable, shi ne mai katalog kamar Lightroom, shi ma ba ko sisi, amma gaskiya sai ka zauna masa, kuma firiset ɗinka, wato saitin gyaran da ka ajiye, ba za su bi ka can ba, sabon gini za ka yi. Kada ka fara koyo a makon da kake da biki uku.

Mai Hoton Kawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na duba, sai Maris yarjejeniyata za ta cika, ashe da na soke jiya da na yi wa kaina. Injiniya, Canon ce, 6D. Na sauke Affinity ɗazu da datar dare, zan fara gwada shi a kan fasfo, tunda farin bango da gyaran kwala ne kawai. Anti, labarinki ya sa na tashi na kwafe katalog ɗin a wani had-disk na daban. Sai dai dubu biyar ɗin nan, a Unguwar Rimi ne za ta wuce salin-alin. Mutanen Kawo har kuɗin ambulan ɗin da nake saka fasfo sai sun nemi ragi.