Neman shawara: gaban motata yana ƙin shiga kwana

Tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana mota. Motata ƙarama ce mai jan gaba, inji 1.8, ta ci kilomita kusan 160,000, tayarta 195/65 R15. Idan na shiga kwana mai ɗan tsawo ko shataletale, musamman in kwalta ta jiƙe, sai in karya sitiyari amma hancin motar ya ci gaba da fita waje, tayoyin gaba suna kuka, sitiyarin ya yi sakayau a hannuna. In na ƙara karyawa, abin ƙaruwa yake yi. Na kuma lura kafaɗar waje ta tayoyin gaba ta fi cinyewa. Wani ya ce in sa gajerun sifirin in sauke motar ƙasa, wani ya ce in sa sandar sitabilaiza mai kauri a gaba, wato sandar da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kwanciyar mota gefe a kwana. Kafin in kashe kuɗi, daga ina zan fara? Allah Ya saka da alheri.

Amsa daga mai gyaran ƙafar mota

Wa alaikumus salam, Malam. Wannan shi ne ake kira andasitiya, wato tayoyin gaba sun riga na baya sakin ƙasa. A mota mai jan gaba inji da giyabos duk suna kan ƙafar gaba, shi ya sa gaban ke ɗaukar wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin motar, kuma tayoyin nan biyu su ke ja, su ke juyawa, su ke ɗaukar mafi yawan birki. Riƙon da taya take da shi a kwalta ƙayyadadde ne. Abin da totur ya ci daga ciki, kwana ba za ta samu ba. Su ma masu ƙera motar da gangan suke barin ta da ɗan wannan hali, domin gaba ya zame ya fi sauƙin gyarawa a kan baya ya watso.

Amma a kilomita 160,000 kada ka sayi komai tukuna. A ɗaga motar a duba. A kama taya hagu da dama a girgiza: in akwai wasa, tayirod ne. A kama sama da ƙasa: boljoin ko boris. A zura ƙarfe a banƙara bushin ɗin hannun ƙasa, musamman babban na baya. In ya tsage, taya tana sauya fuska da kanta a tsakiyar kwana, kuma babu alaimen ɗin da zai zauna a kai. Shokazoba kuma a haska fitila a jikinsa, in mai ya jiƙa shi har ƙura ta manne, ya gama aiki. A canza su biyu-biyu, hagu da dama tare. Abu guda da ake yawan kuskurewa: ƙusoshin bushin ana ɗaure su ne bayan motar ta sauka a kan tayoyinta. In aka ɗaure tana rataye a jak, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba.

Maganar sauke mota, ka bi a hankali. In ka wuce milimita 25 zuwa 30 a ƙafar gaba irin ta MacPherson, wadda shokazoba da sifirin suke haɗe wuri guda suna riƙe da ƙafar, hannun ƙasa yana ɗagewa ta wajen taya, motar ta ƙara son kwanciya gefe, shokazoba kuma ya rasa wurin motsi ya riƙa dukan robar ƙarshe. Da zarar ya doke ta a cikin kwana, gaban ya sandare nan take, tayar ta zame. Yanke sifirin da injin yanka kuwa, don Allah kada ma ka saurari mai faɗa.

Amsa daga mai aikin taya da alaimen

Malam, kafaɗar wajen nan da ka ce ta cinye ita ta faɗi ciwon. Motar tana kwanciya a kwana, tayar waje tana naɗewa a ƙarƙashinta, sai ya zama gefe kawai ke taka ƙasa maimakon dukkan fuskarta.

Fara da iska. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda mai nuna awon da ya dace. Ka auna da safe tayoyin suna sanyi, da gejinka na kanka, domin tafiya tana ɗumama iskar ta ƙaru da psi 3 ko 4 (psi shi ne awon iskar taya) ta yaudare ka. Ka bar baya yadda takardar ta ce, ka ƙara wa gaba psi 2. Sannan ka sami alli ka ja layi uku daga fuskar taya ya gangaro kan kafaɗa, ka yi 'yan kwanoni, ka sauko ka duba. In allin ya goge har ya gangara gefen taya, tana naɗewa, ƙara psi 1. In kafaɗar ma bai taɓa ba, iska ta yi yawa. Kada ƙarin ya wuce psi 4, don daga nan tsakiyar taya ce za ta riƙa ci, riƙon ya ragu.

Ka duba shekarunta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya mai shekara shida ko fiye robarta ta fara bushewa ko da zanenta yana nan. Zane kuma in ya sauka ƙasa da milimita 3, riƙonta a ruwa ya yi rauni ƙwarai.

Sai alaimen, kuma a nan ne ribar take. Ka nemi kamba ta gaba ta karkata ciki da digiri 1 zuwa 1.5, wato saman taya ya ɗan jingino wajen jikin mota, don in motar ta kwanta tayar waje ta miƙe sosai a ƙasa. Yawancin irin motarka ba su da wurin gyara kamba, sai an sa ƙusa mai ƙusumbi a ramin sama inda shokazoba ya haɗu da ƙafa. Bambancin hagu da dama kada ya kai rabin digiri, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe. Bayan kamba sai a daidaita fuskar tayoyin su kalli gaba sak, domin taɓa kamba yana gusar da ita. Karkacewar fuska ta fi kamba cin taya nesa ba kusa ba. Ka karɓi takardar awon kafin aiki da bayansa.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai. Taya biyu kawai zan iya saye yanzu. In sa su a gaba ke nan, tunda can ne matsalar?

Mai aikin taya da alaimen

A'a, Malam. Sababbi baya suke zuwa, na bayan in suna da lafiya su dawo gaba. Sababbi a gaba da gogaggu a baya za su kawar maka da turjiyar gaba, amma ranar ruwa bayan motar ne zai juya da kai babu gargaɗi. In na bayan ma sun gama, ka yi haƙuri ka rage gudu har ka haɗa huɗun.

Amsa daga mai harhaɗa motocin tsere

Ɗan'uwa, wanda ya ce ka ƙara kaurin sitabilaiza ta gaba ya juya maganar. Ƙafar da ta fi tauri ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin da ke komawa gefe a kwana, taya kuwa in ka ninka mata nauyi riƙonta ba ya ninkuwa. In ka taurara gaba, tayar waje ta ƙara wahala, ta ciki ta yi sauƙi ta riƙa juyawa a banza in ka taka totur. Baya ake taurarawa, don ya karɓi wani kaso na aikin.

Kauri kaɗan yana yin tasiri babba, domin taurin sandar yana bin kaurinta ne idan an ninka shi da kansa sau huɗu a lissafi: daga milimita 20 zuwa 22 ƙarin kusan kashi 46 cikin 100 ne, daga 19 zuwa 22 kusan 80. Saboda haka mataki ɗaya ya isa. In bayan motarka gungumen ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin, akwai sandar da ake ɗaurawa a jikinsa. Ka zaɓi mai ramuka, ka fara da ramin da ke ƙarshen hannun sandar, shi ne mafi laushi. Haɗarin shi ne, in ta yi tauri da yawa kuma ka ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyar kwana, nauyi ya koma gaba, baya ya watso. Ka gwada a fili mai faɗi inda babu kowa, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Difaransha mai hana tayar ciki juyawa a banza tana taimakawa wajen fita kwana, amma sai an sauke giyabos, ba aikin motar hawa ta yau da kullum ba ne.

Amsa daga mai koyar da tuƙi

Duk abin da 'yan'uwa suka faɗa daidai ne, amma ka ce in ka ƙara karya sitiyari abin yana ƙaruwa, kuma wannan hannu ne, ba ƙarfe ba. Tayar da ta riga ta saki, ƙara mata juyi ƙara mata zamewa ne. In ka ji sitiyari ya yi sakayau, ka sassauta totur a hankali, ka ɗan warware sitiyarin kaɗan har ka ji nauyinsa ya dawo tafin hannunka, sannan ka sake karyawa. Idonka ya tsaya inda kake son zuwa.

Mafi yawan birkinka ka gama shi motar tana miƙe, ka shiga kwanar kana ɗage ƙafa sannu-sannu don nauyi ya ci gaba da danne tayoyin gaba, kada ka koma totur sai ka fara miƙar da sitiyari. In motarka tana da na'urar ESC mai hana mota zamewa, ka bar ta a kunne: idan gaba ya zame takan rage ƙarfin inji ta kama birkin tayar baya ta ciki don hancin ya juyo. In fitilarta ko ta ABS, mai hana taya kullewa a birki, tana kunne a allon gaban direba ba ta mutuwa, na'urar ba ta aiki, a sa kwamfuta a karanta kafin a taɓa ƙafar motar.