Wai me ya sa Monte Carlo kaɗai ce ba a tilasta wa manyan 'yan wasa zuwa?

Sabon_Shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin tenis. Dan Allah ina da tambaya kan gasar Monte Carlo ɗin nan da ake buɗe kakar jar ƙasa da ita duk watan Afrilu. Ni ban daɗe da fara kallo ba, zamanin su Alcaraz na shigo, to abin da ya ɗaure min kai shi ne na ji mai sharhi yana cewa duk cikin gasannin Masters guda 9, wato manyan gasannin maza da ke bin Grand Slam a girma, ita kaɗai ce ba dole ba ne babban ɗan wasa ya je, in ya ga dama ya yi zamansa ba mai cewa don me, amma kuma shi ɗin dai ya dawo yana zuzuta ta wai tana cikin mafiya daraja da tsufa a duniya. To ya abin yake? In tana da daraja haka me ya sa aka sake ta? Sannan wani ya ce min filin ma ba a Monako yake ba wai a Faransa yake, shin haka ne? Masana a taimaka mana da tarihin tun daga tushe.

Tsohon_Raket

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da shigowa. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, kulob ɗin sunansa Monte Carlo Country Club amma ƙasar da yake kai ta Faransa ce, wani gari Roquebrune-Cap-Martin da ke manne da iyakar Monako. Ai Monako ɗin duka-duka kamar murabba'in kilomita 2 ce, ina za a samu wajen jera filaye? Shi ya sa aka tsallaka aka sassaƙa gefen tsauni hawa-hawa aka gina shi, aka buɗe a 1928, in kana kallo a talabijin za ka ga teku shuɗi a bayan 'yan kallo, Bahar Rum ke nan. Babban filin ana kiransa da sunan Yarima Rainier na 3, kuma gidan sarautar Monako ne ke tsaye wa gasar har gobe, za ka gan su zaune ranar wasan ƙarshe.

Gasar kanta ta girmi kulob ɗin nesa ba kusa ba. Daga 1897 aka fi lissafa ta, lokacin da masu hannu da shuni na Ingila ke gudun sanyin ƙasarsu suna zuwa bakin tekun nan su yi hunturu, su suka zo da wasan. Wasu 'yan'uwa biyu Turawan Ingila, Reginald Doherty da ƙanensa Laurence, su suka riƙa karɓe kofin a tsakaninsu shekara 10 na farko, wan ya ci 6 ƙanen ya ci 4. Bayansu sai Anthony Wilding ɗan New Zealand ya ci sau 5, na ƙarshe a 1914, shekara na zagayowa aka kashe shi a fagen yaƙin duniya na ɗaya a Faransa. Wannan duk zamanin da ba a biyan kuɗi ne a hukumance, sai 1969 aka buɗe ta ga ƙwararru masu cin abinci da wasan.

Yanzu ga amsar tambayarka ta gaske. A 2007 hukumar ATP mai shirya gasannin ƙwararrun maza ta zo da shirin gyara jadawali daga 2009, suna son buɗe wa Shanghai gurbi saboda kasuwar Sin, su kuma mayar da Madrid jar ƙasa a bazara, to dole wasu su sauka, sai aka nuna Monte Carlo da Hamburg ta Jamus. Ai fa sai rigima ta tashi, Federer da Nadal da suke kishiyoyi a fili suka haɗa baki suka fito suka ce ba a shawarce su ba, gasannin biyu kuma suka maka ATP a kotu a Amurka. Shugaban gasar a lokacin Zeljko Franulovic ne, mutumin da shi da kansa ya taɓa ɗaukar kofin a 1970, ka ga ba zai zuba ido a rage mata girma ba. Monte Carlo ta yi sulhu, aka bar mata matsayinta da makinta 1000 ga zakara, ita kuma ta haƙura da sharaɗin tilasta wa manya zuwa. Hamburg ta ƙi sulhu ta ci gaba da shari'a ta faɗi a 2008, aka mayar da ita mai maki 500. To ka ji asalin abin, ba raini ba ne, farashin da ta biya ne don ta tsira, kuma ni a ganina dabara ce mai kyau don da ta bi hanyar Hamburg da yanzu ba ma wannan hirar muke ba.

Dan_Rafa

Baba Tsohon_Raket Allah ya ƙara lafiya, ka zuba tarihi amma ka tsallake mai gidan!! Ya za a yi hirar Monte Carlo a ambaci Nadal sau ɗaya kawai kuma a maganar kotu? Malam Sabon_Shiga saurara ka ji. Yaron nan ya zo a 2003 yana ɗan shekara 16, ta wasan share fage ya shigo, ya fitar da Albert Costa wanda a lokacin shi ke riƙe da kofin Roland Garros, babbar gasar jar ƙasa ta Paris, tun daga nan masu ido suka san akwai magana. 2005 yana da shekara 18 ya doke Guillermo Coria a wasan ƙarshe, shi ne Masters ɗinsa na farko a rayuwa, daga nan kuma ƙofa ta rufe, 2005 har 2012 sau 8 a jere ba wanda ya taɓa kofin sai shi, wasa 46 a jere ba a ci shi ba a filin nan, ka tsaya ka yi tunani yaron da aka sa firamare a shekarar farko ya shiga sakandare kafin wani ya sake ɗaga kofin.

Kuma ba wai raunana ya riƙa samu ba. Federer yana kan ganiyarsa, lamba ɗaya a duniya, ya zo fainal 2006 da 2007 da 2008 duka Rafa, wato Nadal, ya mayar da shi, ya sake zuwa 2014 ɗan ƙasarsu Wawrinka ya hana shi, har ya yi ritaya bai ɗauki Monte Carlo ba. Djokovic ne ya karya jerin a 2013, kuma wallahi ranar ya fi shi, set ɗin farko saura kaɗan ya ba shi babu ko ɗaya, ban musa ba. Amma Rafa ya dawo ya ƙara 2016, 2017, 2018, jimla 11. Don haka ni dai in ka tambaye ni me ya riƙe darajar gasar bayan an cire dole, zan ce maka mutum ɗaya ne, tunda shi a zamaninsa kusan duk shekara yana nan to duk mai son ya gwada kansa a jar ƙasa dole ya biyo shi can, ko ATP ta tilasta ko ba ta tilasta ba.

Mai_Nazari

Dan_Rafa ban ƙi taka ba amma a yi adalci, Nadal ya tarar da gasar da girmanta ne ya ƙara mata, ba shi ya haife ta ba. Ilie Nastase ya ci sau 3 a jere daga 1971 zuwa 1973. Bjorn Borg ya ci 1977, 1979 da 1980, kuma a Monako yake zaune, a filin nan ya yi sallama a 1983 bayan Henri Leconte ya fitar da shi, kuma da ya yi niyyar dawowa a 1991 nan ya zaɓa, ya shigo da raket ɗinsa na katako alhali kowa ya koma na zamani, Jordi Arrese ya cire shi a zagayen farko. Abin tausayi ne wallahi in ka ga bidiyon, ƙafar tana nan, gashin da ɗaurin goshin suna nan, amma ƙwallon ba ta tafiya, wasan ya wuce shi ya bar shi.

Wanda ya fi tsaya min a rai kuwa fainal ɗin 1995 ne, Sabon_Shiga ka nemo shi ka kalla dan Allah. Thomas Muster ɗan Ostiriya ya gama wasan kusa da na ƙarshe da ƙyar yana tangaɗi, ruwan jikinsa ya ƙare sai da likitoci suka duba shi, washegari ya fito ya haɗu da Boris Becker. Becker ya ci set biyu na farko, a set na huɗu ya samu dama har biyu ta gama wasa, a ɗaya daga ciki maimakon ya lallaɓa sabis na biyu sai ya narka shi da dukkan ƙarfinsa ya fita. Shi ke nan Muster ya farfaɗo ya ƙwace set ɗin, na biyar ya yi masa 6-0. Becker da ya ci Wimbledon sau 3 ya gama rayuwar wasansa bai taɓa ɗaukar kofi ko ɗaya a jar ƙasa ba shi kaɗai, kuma ranar nan maki ɗaya ne tsakaninsa da shi. Irin wannan fa ba za a sake gani ba don daga 2007 aka daina fainal mai set 5 a can, ni wannan ya fi min ciwo a kan maganar dole ko ba dole ba. Akwai ma shekarar da ba zakara, 1981, Connors da Vilas suna 5-5 a set ɗin farko ruwa ya sauko, aka tashi ba a ƙarasa ba har yau.

Sabon_Shiga

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. To amma in ba damuwa, su wa ke ƙin zuwan kenan tunda ba dole? Kuma me ya bambanta filinta da na Madrid da Rom tunda duk jar ƙasa ce?

Tsohon_Raket

Yawanci Amurkawa ne da masu dogaro da ƙarfin sabis. Ka duba, ana gama Indian Wells da Miami a kan daɓe ƙarshen Maris, kwana kaɗan a ce ka tsallaka teku ka sauya takalmi ka sauya yadda kake taka ƙasa, wasu sai su ce bari su huta su tari Madrid. Tun 1969 ba Ba'amurken da ya ci kofin, har da Sampras da Agassi. Federer ma ya sha tsallake ta a wasu shekarun.

Batun fili kuwa, sunan ne kawai ƙasa, garin jan bulo ne da aka niƙa aka barbaɗa sama-sama a kan farin dutse da aka daddaɓe. Shi ya sa ƙwallo in ta sauka sai ta ciji ƙasa ta rage gudu ta tashi sama, mai murza ta irin Nadal sai ta riƙa zuwa wa abokin karawa a kafaɗa. A Monte Carlo kana daidai bakin teku ga sanyin Afrilu ga laima, ƙwallo ta sha danshi ta yi nauyi, sai ka buga abin da ka tabbata ya wuce ka ga an dawo maka da shi, dole ka gina maki da haƙuri bugu goma sha. Madrid kuwa a tudu take sama da mita 600, iska ba kauri, ƙwallo gudu take, shi ya sa masu sabis suka fi sonta. Ka lura da ƙafafunsu in an fara, mai jar ƙasa na asali yana sulɓewa ne ya iso ƙwallon daidai inda sulɓin zai ƙare, baƙo kuwa sai ya buga sannan ya ci gaba da zamewa ya bar fili a buɗe, kafin set ɗaya safa ta koma ja. Da can in an yi gardama alƙali ne zai sauko daga kujera ya duƙa ya nuna tabon ƙwallon da yatsa, daga 2025 ATP ta miƙa wa na'ura wannan aikin, ni kam ina kewar saukowar nan.

Wani abu da nake yaba mata, Madrid da Rom sun faɗaɗa zuwa 'yan wasa 96 ana jan abu kusan mako biyu, ita tana nan a 56 cikin mako guda, tun ranar Talata kana ganin manya suna haɗuwa da masu haɗari.

Dan_Rafa

Mai_Nazari na ji batun Muster, zan je in kalla. Amma ka duba abin da ya biyo bayan Rafa ka gani ko ƙarya nake, Fognini ya cire shi a 2019 ya ɗauka, 2020 korona ta hana, Tsitsipas ya ci 2021, 2022 da 2024, Rublev ya sa kai a 2023, Alcaraz ya doke Musetti a 2025, kofi ya koma yawo hannu-hannu.

Mai_Nazari

To ai haka yake kafin ya zo ɗan'uwa, Bruguera biyu, Kuerten biyu, Ferrero biyu, Muster uku, shekarun Nadal ɗin ne baƙon abu ba yanzu ba. Kuma Tsitsipas da kake lissafawa a cikin yawo sau 3 fa ya ci, daidai da Borg da Nastase, kar ka raina masa. Sabon_Shiga ka fara da na 1995 ɗin, sannan na 2006 tsakanin Nadal da Federer, shi ne fainal na ƙarshe da aka buga da tsarin set 5, in ka gama ka dawo ka faɗa mana wanda ya fi.