Zaɓe ne ko naɗi, in babbar jam'iyya ba ta tsayar da kowa ba?

Ɗan Auta: Ni dai abin da na tsaya a kai ke nan: duk zaɓen 'yan majalisa da aka yi babu ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu, naɗi ne kawai. Wanda ya shiga majalisa ta wannan ƙofar ba wakilin jama'a ba ne.

Lauya: Ɗan Auta, ka zuba abu uku a buhu ɗaya. Akwai jam'iyyar da ta ƙaurace don kanta, akwai wadda gwamnati ta toshe wa hanya, akwai wadda ta kasa gyara gidanta. Dubi Zamfara a 2019. Rikicin ɓangaren Gwamna Yari da na Sanata Marafa ya hana APC yin zaɓen fidda gwani yadda doka ta tanada. Ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'unta sun tashi a banza: kujerar gwamna, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7, na majalisar jiha 24. Wa ya hana ta? Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ɗan Auta: Yaya Lauya, ai misalin nan ni ya goya wa baya. Ruwan bai doki tsuntsun ba, talakan da ya wuni a layi ya doka. Manya suka yi faɗa, aka rantsar da waɗanda suka sha kaye.

Malama: A nan Ɗan Auta yana da gaskiya, amma ba ta inda yake zato ba. A Ribas, a 2019 ɗin dai, kotu ta hana APC tsayar da 'yan takara tun kafin ranar zaɓe, don haka mai jefa ƙuri'a ya san abin da ke gabansa. A Zamfara an bar shi ya dangwala wa mutanen da daga baya aka ce ba 'yan takara ba ne. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: hukuncin ya zo bayan an gama ƙirga.

Dattijo: Ku bar ni in taɓo masu ƙauracewa, don su ne ba na tausaya wa. A Venezuela, 2005, manyan jam'iyyun adawa suka janye ana saura kwanaki kaɗan. Magoya bayan Shugaba Chavez suka kwashe kujeru 167 kaf, suka yi shekara biyar zauren yana hannunsu. A Bangladesh, 2014, babbar jam'iyyar adawa ta BNP ta ƙaurace, kujeru 153 cikin 300 aka same su babu hamayya. Duniya ta yi surutu na 'yan makonni, Firaminista Sheikh Hasina ta ci gaba da mulki har 2024.

Ɗan Auta: Baba, Nijar fa? 'Yan adawa sun ƙaurace wa zaɓen majalisa na Oktoban 2009 saboda tazarcen Tandja, ECOWAS ta dakatar da ƙasar, wata huɗu gwamnatin ta faɗi.

Dattijo: Soja ne suka kifar da ita a Fabrairun 2010, yaro. In wannan kake kira nasarar ƙauracewa, Allah ya raba mu da irinta.

Malama: Inda zan yarda da kalmar naɗi ba tare da gardama ba shi ne Jamhuriyar Benin, 2019. Sababbin sharuɗɗan rajista suka tankaɗe 'yan adawa gaba ɗaya, aka bar jam'iyyu biyu, dukkansu na bayan Shugaba Talon, suka raba kujeru 83. Masu zaɓe ma sun gane, mafi yawansu suka yi zamansu a gida.

Lauya: To kin ga, can hana su aka yi. Zamfara kuwa su suka yi wa kansu.

Ɗan Auta: Ko ma wa ya jawo, a sake zaɓen mana! Me ya fi wannan sauƙi?

Lauya: Sai duk jam'iyyar da ta hango faɗuwa ta dagula fidda gwaninta da gangan, ta samu zagaye na biyu kyauta. Ka yarda da wannan?

Ɗan Auta: Ban yarda ba. Amma ban yarda da na biyu ya zama na ɗaya ba ma.