PSA ɗin Baba na hawa duk da allurar, me ya rage mana?

Mai tambaya, daga unguwar Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina mai shekara 71 yana fama da ciwon daji na furostat (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), har ya taɓa ƙashi. Shekara biyu ana yi mishi allurar Zoladex duk wata uku, ya samu sauƙi har ya koma kasuwa. Yanzu PSA, wato awon jinin da ake bin ciwon da shi, na ta hawa, ciwon ƙugu kuma ya hana shi barci. Likita ya ce ciwon ya daina jin allurar. Baba ya ce to a bar ta, a kai kuɗin wurin mai maganin gargajiya. Ku ba ni shawara.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku bar allurar. Sinadarin maza ne abincin ciwon, shi allurar ke dannewa. In an daina, sinadarin zai dawo, kamar an zuba wa wuta fetur. Wani magani ake ɗorawa a kanta. Akwai abiraterone, miligiram 1000 kullum kafin a ci komai, tare da prednisone, ana auna hawan jini, hanta da fotasiyom. Akwai enzalutamide. Akwai docetaxel, ƙarin ruwa duk sati uku, in jikinshi zai ɗauka. Ba su warkarwa, gaskiya ke nan, amma suna danne ciwon, suna rage wahala.

Wani da ya yi jinyar kawunshi:
Mu Yamai muka je, Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, inda ake gashin haske, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, tun 2021. Zama ɗaya aka yi wa kawu a ƙugu, bayan sati biyu ya fara sallah a tsaye. Ka tattara duk takardun gwaji kafin ka hau bas.

Mai sayar da magani:
Abiraterone akwai tsada. Ka tambayi likita batun shan miligiram 250 tare da karin kumallo mara maiƙo sosai, wasu likitoci na yin haka don sauƙin kuɗi. Amma kada ka rage da kanka.

Ma'aikaciyar jinya ta sake cewa:
Na manta babba. In ƙafafunshi suka rasa ƙarfi ko suka yi nauyi, ko fitsari ya tsaya, mai yiwuwa ciwon ne a ƙashin baya ke danne laka. Ranar za ku kai shi asibiti, ko da tsakar dare ne.