Wa ya taba hada manhajar kwaikwayon yaduwar cuta ta iska?

Dan Samaru:
Salam jama'a, furojet dina na aji hudu ne, malamina yace in kwaikwayi yadda kwayar cuta ke bin iska tsakanin mutane masu zirga-zirga kamar a kasuwar Sabon Gari, na yi digo-digo suna yawo a allon kwamfuta, duk wanda ya gogi mai cuta sai ya kamu, amma cikin minti biyu kowa ya kamu wallahi, ina na kuskure?

Yar Tudun Wada:
Kanina ai gogayya ka kwaikwaya ba iska ba. Kwayar kyanda tana iya zama a iskar daki har awa 2 bayan mai ita ya fita. Ka yanka wajen a allon gida-gida kamar na dara, kowane gida ya rike adadin kwayar da aka fitar, yana raguwa gwargwadon iskar da ke shigowa, sai kamuwa ta danganta da yawan abin da mutum ya shaka da dadewarsa. Nemi lissafin Wells-Riley na 1978, shi ke kiyasta yiwuwar kamuwa da cuta ta iskar daki.

Malam Kwangila:
Gaskiyarta. Kuma ka sa masu warkewa, irin tsarin SIR na Kermack da McKendrick tun 1927, wanda ke raba mutane uku: masu iya kamuwa, masu cutar da wadanda suka warke. Sannan mutane basa yawo haka kawai, dan kasuwa yana rumfa daya yini guda, fasinjan bas kuwa an rufe gilashi saboda sanyin hunturu. Gwada NetLogo, manhajar yin irin wannan kwaikwayon ce, kuma kyauta ce.

Dan Samaru:
Na gode yaya, na gode malam. Bari NEPA ta kawo wuta tukuna, batir saura kashi 9.