Aikin fili a Argungu: in je lokacin bikin kamun kifi ko kafin sa?

Ɗalibar ajin ƙarshe: Assalamu alaikum. Ina karanta ilimin labarin ƙasa, kuma aikina na kammalawa ya shafi kogin Matan Fada da tasirin baƙi a kan garin Argungu. Kuɗin tafiya ɗaya kawai nake da shi. Idan na je lokacin biki zan samu baƙin da zan yi wa tambayoyi, amma awon ruwa zai gagara. Idan na riga su zuwa, kogin na nan, baƙin babu. Wanne ya fi?

Ɗan Bauchi: Ki koma Yankari, ƙanwata, domin ruwan Wikki ba ya rasa baƙi duk shekara.

Ɗan Kabi: Argungu ta tambaya, Malam. Ki zo mako guda kafin biki, ki fara gaida Sarkin Ruwa, tunda ba a shiga wurin sai da izini. Ki auna faɗin kogin da igiya, zurfinsa da sanda a tazara daidai, sannan don sanin gudun ruwan ki saki ƙwayar lemo ta bi ruwa mita 10 kina duba agogo, ki maimaita sau uku. Ki tuna madatsun Goronyo da Bakolori suna sama, saboda haka gudun ruwan da kika samu ba na damina kaɗai ba ne. Kwalekwale naira 3,000 a wuni.

Tsohon ɗalibi: Naira 3,000? Ni 12,000 na biya, kuma da lemon nan na yi awona. Na raba takardun tambayoyi ga masu masauki da masu sayar da kifi, na sha rana har fatata ta saɓule, amma ranar kare aiki wani malami ya ce ba ya karɓar awon da ba na na'ura ba. Na'urar sashenmu kuwa ta lalace tun kafin mu shiga jami'a. Sai da na ƙara zango guda.

Ɗan Bauchi: Da ka shanye lemon, da ka rage asara.

Malamar sakandare: Wanda bai taɓa kare aiki gaban malamai ba, bai kamata ya ba da shawarar lemo ba.

Ɗan Kabi: Hajiya, a bakin kogin nan aka haife ni.

Tsohon ɗalibi: Ni abin da har yau nake son sani shi ne, kuɗin aikin fili da ake karɓa a hannunmu kowace shekara, ina suke shiga, tunda motar ma mu muke haya?